Farfesa Ya Ce A Faɗi Sanadin

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin dama koko da safen nan aka kira ni, wai Farfesa ya rasu.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Na kasa zama wuri ɗaya.

Ku a rediyo kuka san shi, babban masanin cututtukan da ake ɗauka a ruwa. Ni tun shekarun saba'in na san shi, lokacin ana kiran garin nan namu Abuja, kafin a ba sabon birnin tarayya sunan, ina sabuwar ma'aikaciyar lafiya. Tare muke bin rijiyoyi da tafkuna har Izom, muna fama da kurkunu.

In ƙafar manomi ta kumbura, a motarsa yake ɗauko shi. Ranar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, shi ya karɓi aikina ya ce in tafi gida.

Sai dai sigari ba ya barin hannunsa. Wata tsohuwa a Izom ta taɓa ce masa, "Ɗan nan, ka hana mu ruwan tafki, kai wa zai hana ka hayaƙin nan?" Ya yi ta dariya har da tari. Mu ma dariyar muka yi.

Watan jiya na je duba shi. Ya rame ƙwarai, robar oksijin a hanci, magana sai ya huta a tsakani. Ya ce, "Sista, na san mutanenmu. Za su ce gajeriyar rashin lafiya. Ke ki ce taba ce. Samari su ji."

Na ce to, don dai ya huta.

Ɗazu babban ɗansa ya roƙe ni, "Mama, don Allah a rufa wa Baba asiri." Yaron nan da bayana na goya shi. Na san zai ji zafina, ƙila ma ya daina zuwa gaishe ni, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Amma na riga na amsa wa mahaifinsa.

Ajali na Allah ne, sanadi kuwa sigari. Ciwon dajin huhu ne, kuma ya daɗe yana shan wuya, numfashi ma sai da ƙyar.

Allah ya jiƙan Farfesa, ya sa jinyar nan ta zame masa kaffara, ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da ɗansa, Allah ya ba shi haƙuri, ya sanyaya zuciyarsa a kaina.