Ɗorawar Bayan Makaranta

Warin daddawa ne ya tare ni a kasuwar Dutse Alhaji, sai ga kakata a idona, tsugune gaban tukunyar kalwa. In ka ga Dutse yau, ba za ka yarda cewa a nan muka yi kiwon awaki ƙarƙashin ɗorawa ba. Da bazara mu tsotsi jan furenta, in ta nuna mu cika baki da garinta rawaya har magana ta gagare mu. Kaka ba ta wasa da itacen nan. Ranar da kawuna ya nufi wata da gatari, gabansa ta sha ta ce, "Fara da ni. Itacen da ke ba ka miya ba a sa masa ƙarfe."

Yanzu ni malamar Hausa ce a sakandare. Bana aka ce kowane malami ya saka kiyaye muhalli cikin darasinsa. Mai lissafi ya sa yara ƙirga itatuwa a allo, mai Turanci ya ba su insha'i a kan dajin da ba su taɓa shiga ba. Ni kuwa na ce gani ya kori ji. Akwai ɗorawa guda da ta rage a wani fili bayan makaranta, ita kaɗai na sani a duk unguwar, kuma da ita na so in haɗa su.

Na tambayi ajin, "Wa ya san ɗorawa?"

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malama, ba shi ne in ka sa hoto a waya kowa ya gani ba?"

Ba wanda ya yi dariya, don duk haka suka sani. Raina ya ɓaci, ba da su ba, da mu da muka bar musu ƙasa tsirara.

Na tasa su gaba muka zagaya. Muka tarar an kewaye filin da bulo, itacen na kwance, mai gawayi yana daddatsa shi. Ya ce, "Wani oga ne ya sayi wurin, Hajiya."

Da kaka ce, da ta sha gabansa. Ni tsayawa na yi da alli a hannu, ban san abin da zan koyar ba.

Yarinyar ta ciro wayar da ta ɓoye a hijabi, ta ɗauki hoton kututturen, ta dube ni da ladabi.

"Malama, in ɗora?"