Rogon da na tsare gonar Baba da shi

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba ƙaramin wawa ba kuwa, wawa mai furfura, mai aji huɗu na firamare, wanda in ya sa tabarau ya riƙe takarda sai ka rantse alƙali ne. Sai dai wautar tawa ta masu dabara ce, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada gobe a haɗa ni a layi ɗaya da wawayen banza.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona guda a bakin Hunkuyi. Mu uku ne magada: ni babba, sai ƙanena direba da ke jigila tsakanin Zariya da Makarfi, sai autarmu da aure ya kai Taba, mijin ya rasu ya bar ta da yara da tukunyar ƙuli-ƙuli. Ba a raba gonar ba. Ni nake nomawa, in kaka ta yi in ware wa kowa dammunansa na dawa, kowa ya ce Allah ya jiƙan Baba.

Gonar doguwa ce, kamar mutum a kwance. Kanta yana bakin titi, tsakuwa zalla, ko gyaɗa sai da lallashi take fita. Cikinta baƙar ƙasa ce ta dawa. Ƙafarta kuma ta gangara fadama, inda muke sa rake. Muna yara, in kana cikinta ba ka jin gari sai kiran salla, shi ma sai iska ta ga dama. Yau daga gindin ɗorawar da muke cin fura kana jin rediyon mai shayi. Da fari makaranta ce ta fito, sai gidan mai, sai wurin buga bulo, sai wasu samari masu dogon tef da suke kiran kansu dillalan filaye. Ka kwana da maƙwabcin gona, ka tashi ka tarar da 'yan guntayen siminti an kafa a kunyoyinsa, an yanka ta fuloti-fuloti kamar alawa.

Ni fa ra'ayina a kan wannan bai canza ba, kuma ba zai canza ba. Gonar bakin gari ita ce gonar tsoho da bazawara, wadda ake zuwa da ƙafa a dawo kafin azahar. In ta tafi, sai mai babur zai yi noma. Gari kuma in ya taka wuri ba ya ɗaga ƙafa. Waɗanda suka yi gini a kwarin da ruwa ke bi, na ga matansu da idona suna kwalfe ɗaki da kwano a watan marka. Ruwa bai san takardar fili ba. Duk wannan gaskiya ce, na faɗe ta a majalisa har mutane suka haddace. Inda na ɓata daban ne.

Wata Juma'a ƙanena ya faka motarsa a ƙofar gida. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar iyalin. Da na ji gaisuwa ta yi tsawo haka na san akwai magana.

"Yaya," in ji shi, yana kallon takalminsa, "so nake a raba gonar nan."

"Wace gona?"

"Haba Yaya. Guda nawa ce?"

"Kai da rabonka da fartanya tun kana da wando ɗaya, me za ka shuka?"

"Gida zan shuka. Na gaji da haya a Zariya. In sayar da rabi, in gina rabi."

Na yi masa wa'azi na kusan awa guda. Ya saurara da ladabi, ya ce duk ya ji, amma hakkinsa ne. Kuma hakkin nasa ne, ko ni mai aji huɗu na san wannan. Muka aika aka kira auta, muka ɗunguma zauren malamin unguwarmu, wanda tun kakansa gidansu ake kai rabon gado.

Malam ya ji bayani, ya ce kashi biyar za a yi: biyu nawa, biyu na ƙanena, ɗaya na auta. Sannan ya tambaya, "Akwai shuka a ciki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, dawa ce ta kai ƙugu."

Ya ce, "To, ba a jan igiya a kan shuka. A bari mai gumi ya kwashe guminsa. In gona ta zama fili, ku kira ni."

Haka al'adar take a wajenmu tun fil azal. Ko sayar da gona aka yi, mai saye sai ya jira a cire amfani. Kowa ya san wannan, amma ni kaɗai Allah ya buɗe wa kai na ga abin da ke cikinta. In gona ta zama fili, in ji Malam. To, in ba ta zama filin ba fa?

Kafin sati ya zagayo na tafi wajen masu rogo a Furana na ɗauro itacen rogo cike da amalanke. Na sassara shi, na bi tsakanin dawa ina cusawa. Rogo kuwa ba ya sauri, sai ya shekara a ƙasa yana tunani. Don kada dabba ta taɓa min shi na kewaye gonar da shingen ƙaya tun daga titi har fadama.

Kaka ta yi, aka yanke dawa. Ƙanena ya zo da Malam da igiya. Suka tsaya a bakin shinge suna kallon ganye shar.

"Wannan fa?" in ji ƙanena.

"Rogo ke nan. Ba ka san rogo ba? Zaman birni ya yi maka illa."

"Yaya, da gangan ka yi."

"Da gangan mana. An taɓa shuka rogo bisa kuskure?"

Malam ya shafa gemu, ya yi gyaran murya irin ta mai danne dariya. Ya ce shuka dai shuka ce, shi bai ga inda aka ware rogo ba. Suka naɗe igiyarsu suka tafi.

Daga nan na zama gwani. Kafin in tone tsohon rogo na riga na dasa sabo a tsakani. Damina ta sauka in cusa dawa a duk inda na ga sarari. Rake a fadama in an sare shi an kai wa masu mazarƙwaila, kututturen yana tofowa da kansa, shi ma shuka ne. Da rani in ja ruwa in sa albasa da tumatir. Ba a taɓa wayewar gari guda da gonar nan ta zauna ba kore a cikinta ba. Duk zuwan da ƙanena zai yi sai ya tarar da wani abu a tsaye yana masa sannu da zuwa. Har ya daina shigowa gidana, sai dai ya danna hon a titi in ya zo wucewa, ban sani ba ko gaisuwa ce ko zagi.

A majalisa kuwa na samu kujera. Tsofaffin da 'ya'yansu ke matsa musu su sayar da gona suka riƙa zuwa neman shawara, har daga Kudan. In gyara tabarau in ce, "A ilmance, maganin dillali rogo ne." Na fara tunanin in da na kai aji bakwai da gwamnati ta neme ni.

A shekara ta biyu wani Bafillatani dattijo ya tare ni a bakin shinge. Tun zamanin Baba, duk bayan kaka shi yake sauka da shanunsa a gonarmu. Su cinye kara da harawa, su kwana wata guda ko biyu suna zuba mana taki, yana matsar da turke daga wannan gefe zuwa wancan har ya zagaye gonar. Ba takarda, ba shaida, haka muka taso muka gani.

"Ɗan Baba," in ji shi, don haka yake kirana duk da furfurata, "bana ma ƙofa a rufe?"

Na ce, "Baffa, yaƙi nake yi. Ka yi haƙuri sai na ci nasara."

Ya leƙa ta kan ƙaya, ya daɗe yana kallon ƙasar. Ya ce, "To, Allah ya ba mai rai sa'a." Ya kaɗa shanunsa ya yi arewa. Ni a lokacin na ɗauka ni yake wa addu'a.

Rogo yana da ci, wannan kowane yaro ya sani. Ƙasa kuma tana son ta huta ta sha taki, wannan ma kowa ya sani. Ni ma na sani. Amma mutum in yana cin nasara ba ya duba ƙasa, sama yake kallo. Baƙar ƙasar nan ta fara yin fari-fari. Dawa ta fito siririya, kai kamar na tsintsiya. Sai ga wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar dawa ta tsotse ta, wadda ba ta sauka sai inda ƙasa ta gaji. Na zuba takin zamani buhu biyu, na ce rashin ruwa ne. Shekara ta gaba na ce yawan ruwa ne.

A kaka ta huɗu na aika wa auta rabonta. Kwana biyu sai ga ta a kan babur, da mayafinta da ƙullin ƙuli-ƙuli na tsaraba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Yaya, saƙo ya iso. Na ce ko mai kawowa ne ya zubar da rabi a hanya?"

"Shekarar ce haka."

"Shekarar a gonarka kaɗai ta sauka? A Taba rumbuna sun cika. Tashi mu je in gani."

Muka je. Ba ta kalli rogon da nake nuna mata da alfahari ba. Ta sunkuya ta damƙi ƙasa, ta matse, ta buɗe hannu, ƙasar ta zube kamar gari. Ta tafi gaba ta sake damƙa. Ta tsinko wuta-wuta guda ta riƙe.

"Yaushe rabon shanu da nan?"

"An ɗan kwana biyu."

"Yaya."

"Shekara huɗu."

Ta ciro waya daga bakin zani ta kira ƙanena, ta ce gobe ya zo da Malam da igiya. Na ce akwai shuka a ciki. Ta ce, "Akwai hannuna a cikin shukar, kashi ɗaya cikin biyar. Na yafe nawa. Kai ma yau za ka tone naka, in taya ka." Tun tana goye nake ba ta umarni, ranar na ga kaina riƙe da fartanya ina bin bayanta.

Washegari, kafin Malam ya warware igiya, ta nemi izinin magana. Ta juya ga ƙanena.

"Yaya ƙarami, kai dawa kake so ko titi?"

"Titi mana."

"To ga titi can. Ɗauki kan gonar, tsakuwar nan da ko akuya ba ta tsayawa. Mai gini ita yake nema, ba ya son laka. Ni da Yaya babba mu haɗe namu a ciki da fadama, ba za a yanka ba. Ka bar mana hanyar amalanke da shanu ta gefen gabas, a rubuta, Malam ya sa hannu."

Ƙanena ya washe baki, don taku ɗaya na bakin titi ya fi masa uku na ciki. Malam ya ce in kowa ya yarda shari'a ba ta hana ba. Aka ja igiya, aka kafa duwatsu, aka yi fatiha. Abin da na shekara huɗu ina yaƙi a kansa bai kai tsawon shan fura ba. Kuma tun ranar farko wannan rabon yana nan, ba wanda ya ɓoye shi. Ni ne ban tambayi kowa ba, don a ganina mai aji huɗu ba ya neman shawarar mai ƙuli-ƙuli.

Yau kan gonar ya zama gidaje uku da shagon caji. Cikinta da fadama suna nan, kuma suna nan daram in Allah ya yarda, don maƙwabta biyu sun ga abin sun yi irinsa, sun ba titi tsakuwa sun riƙe laka. Na aika wa dattijon nan goro da ban haƙuri, shanu suka dawo. Ƙasar ta fara duhu, a hankali, kamar mai tashi daga jinya.

Amma a ranar rabon, muna dawowa gida, na ga ya kamata a rufe taro da jawabin babba. Na tsaya a bakin shinge, na gyara tabarau, na ce, "Duk da haka dai a yi min adalci. Ba don ni da rogona ba, da tuni dillalai sun cinye gonar nan. Shekara huɗu ina tsare ta."

Auta ta kakkaɓe ƙasar hannunta, ko kallona ba ta yi ba.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Da ka ƙara mata damina biyu da wannan tsaron naka, ai ba abin da zai ƙara tsirowa a cikinta sai bulo."