Rijiyar Indiya a Bayan Gidanmu

Ƙanena ne mutum na farko a unguwarmu ta Sabon Birni da ya taɓa shiga silima, kuma da ma ƙafarsa ta gurɗe kafin ya kai ƙofar. Zamanin Nasara ne, gab da su tattara nasu ya nasu. Ya bi wani ɗan kasuwa zuwa Ƙaura, suka hau jirgin ƙasa har Kano, ya dawo da sabuwar hula da bakin da ba ya rufuwa.

Fim ɗin Indiyawan kudu ya kallo. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Wani akawun kanti Ba'indiye da ya zauna kusa da shi ne ya riƙa gutsura masa bayani da gurguwar Hausa: wai harshensu ne, Tamil ake ce masa, kuma labarin ba ƙirƙira ba ne. A garinsu aka yi. Wani falke ya kashe abokin fataucinsa, ya jefa gawar a rijiya, asiri ya tonu aka rataye shi. Shi ke nan, ƙanena ya zama shehin malamin Indiya.

Ran kasuwa da la'asar ya tara mutane a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ina bayan danga ina surfe, ina jin komai. Mu nan labari ba ya shiga kanmu sai an ɗora shi a kan wanda muka sani. Ko malami zai bayyana rabon gado, sai ya ce, a ce kai ne mamacin, kai kuma ɗansa. Kowa ya gane, ba wanda ya mutu. Haka shi ma ya yi.

"Yaya, a ce kai na falken," ya ce wa maigidana.

Maigidana mutum ne da in zai yanka kaza sai ya kau da kai. Ya yi murmushi ya ce, "To."

Wanda aka kashe kuwa, a duk faɗin Gobir ƙanena bai ga wanda zai zaɓa ba sai abokin tafiyar maigidana, wanda suke kai goro da fata ƙasar Faransi tare tun suna samari. A lokacin ba ya gari, ya tsaya can wajen Madawa, maigidana ya dawo shi kaɗai da jakai. Saura rijiya. Sai sarkin basira, ƙanen nawa, ya ɗaga hannu ya nuna tsohuwar rijiyar bayan gidanmu. Ya kwaikwayi yadda aka shaƙe, yadda aka ja gawar, har waƙar da matar mamacin ta yi sai da ya rera da muryar tunkiya. Ya rufe da rantsuwa cewa da gaske abin ya faru. Aka sha dariya aka watse.

Labarin ya bi 'yan kasuwa gida. Kafin ya kai Gatawa ya yar da "a ce". A Gangara ya yar da Indiya, don ba wanda ya san inda take. Da ya isa Isa ba abin da ya rage sai maigidana da abokinsa da rijiyarmu, sai kuma rantsuwar surukinsa, wanda ai ba zai yi wa mijin yayarsa ƙarya ba.

'Yan doka suka zo da hantsi, suka kama maigidana. Aka ɗaura wa wani igiya aka zura shi, gari ya kewaye rijiyar kamar ana rabon nama. Ya fito da tsohon guga, da fasasshiyar tukunya, da kan akuya. Wata maƙwabciyata, wadda ni na yi mata wankan jego, ta ce a kunnena ai mai wayo ba ya barin gawa wuri ɗaya. Na so in jefa ta ciki don kada jama'a su koma hannu banza.

A gaban alƙali ƙanena ya sake ba da labarin tun daga farko, har da waƙar. Alƙali ya ce a saki maigidana, ya kuma hori ƙanena da ya riƙa barin Indiyawa a ƙasarsu. An sake shi kam. Amma falke da amana yake cin abinci: mutane ke ɗora masa kayansu ya tsallaka da su, ya dawo musu da abin da ya samu. Wannan karon ba wanda ya kawo ko ƙunshin taba. Sai gaisuwa mai tsawo daga nesa.

Na yi fushi, na yi kuka, na ce za ni bi gida gida in wanke shi. Ya hana.

"Bari abokina shi dawo," ya ce. "In sun gan shi da idonsu, magana ta ƙare."

Bayan an yanke gero abokin ya dawo, da ƙibarsa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a gidan ƙanen uwarsa. Na ce alhamdulillahi, yau za a ji kunya. Ina! Gari ya ɗunguma zuwa gidansa yin barka, kowa na cewa Allah ya yi da sauran kwana, ya kuɓutar da shi. Wallahi wasu har da ɗan ɓata rai, kamar an hana su ganin ƙarshen fim. Ranar na tuna da falken Indiyan nan da aka rataye. Shi dai ya yi abin da ya yi, amma yana da mata, kuma ita ma tana da maƙwabta.

Maigidana bai kula ba. Ya je ya rungume abokinsa, suka yi dariya har da hawaye, suka sa ranar tafiya. Ya sayi goro da abin da ya rage masa, ni na dama masa furar hanya. Da safe ya ɗaure wa jakai kaya, ya tsaya a gindin tsamiya inda suka saba haɗuwa.

Rana ta ɗaga. Sai ga matar abokin ta shigo wurina, tana kallon ƙasa. Wai ya bi ayarin Burkusuma tun jiya. Wai ba don komai ba, tsohuwarsa ce ta ce hankalinta ba zai kwanta ba.

Na fita na gaya masa. Ya ce, "To," irin wadda ya ce wa ƙanena. Ya kwance kayan ɗaya bayan ɗaya, ya shigar da su zaure, ya ce in ba yara furar kada ta yi tsami.