Lefen Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale a Gumel ya san bai taɓa biyan komai a dunƙule ba. Ko goro ya saya, rabi yau, rabi in an sauko daga masallacin Juma'a. Kun tuna kekensa? Ƙafar gaba ta riga ta baya shigowa gida da damina guda.

Wani malamin firamare ne ya ƙarasa lalata mana shi. Ya gaya masa Turawa ma suna da sunan wannan biyan kaɗan-kaɗan, wai insitolmen, kuma asalin kalmar daga wurin tsayar da dabba ne, daga baya ta koma tsayar da ranakun biya. Kawu, da ya yi furfura a dillancin awaki, ya buga cinya.

"Turke ke nan. A ɗaure bashi a turke, a riƙa zuba masa dusa har ya ƙoshi. Ashe Bature ma da hankalinsa."

Lokacin ina budurwa, littattafan soyayya sun cika min kai. Na ɗauka masoyi a mota yake zuwa, akwatuna jere a bayansa. Sai ga Kawu, bayan rasuwar matarsa, zuciyarsa ta faɗa kan Inna Hajara, bazawara mai tuyar ƙosai a Maigatari. Wani mai manyan motoci ma yana nemanta, ya yi alkawarin kawo lefe rana ɗaya. Duk gidanmu muka ce Kawu ya haƙura.

Ran Alhamis da aka tashi kasuwar Maigatari ya je zance da takalmi. Ƙafar dama kaɗai, don mai shagon ya riƙe ɗayar sai an cika.

"Malam Sale, ɗingishi kake so in yi?"

"Ta hagu tana tafe, Hajara. Ki ajiye wannan ta fara sabawa da gidan."

Kasuwa ta gaba ya kawo ta hagu. Daga nan sabulu, daga nan turmin atamfa da aka raba biyu. Mai motoci in ya tafi kudu sai ya yi watanni, Kawu kuwa duk mako yana kan tabarmarta. Da yayanta ya matsa mata ta zaɓa, ta ce, "Yaya, wancan alkawarinsa kawai na sani. Wannan kuwa ko tari ya yi a zaure na gane shi."

Aka ɗaura da Kawu. Ban taɓa yi wa littafi kukan da na yi ranar ba.

Da Kawu ya rasu, a zaman makokinsa na matsa kusa da Inna Hajara na ce, "Inna, ya dai cika lefen?"

"Ina fa, 'yar nan. Saura mayafi. In na tuna masa sai ya ce, in ya cika, da wane dalili zan riƙa leƙen hanyarsa ran kasuwa?" Ta yi dariya, ta share ido da bakin zani. "Na yafe masa. Kada a tsare min shi a can saboda mayafi."

Allah ya jiƙanka Kawu, ya haskaka makwancinka, ya ba Inna haƙurin Alhamis.