Kaset ɗin da Ya Yi Kukan Aljanu

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba. Lokacin zafi ne, a shekarar da ake ta kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Kowace mai aikin gida a Makka tana tafe da fargaba, ko da takardunta sun cika.

Ina aiki gidan Abu Faisal a unguwar Utaibiyya, jikan mahajjatan Kano ne. Matarsa Ummu Faisal ta sa ni share ɗakin ajiya, ta ce in zubar da komai. Na tarar da tsofaffin kaset a kwali. Mu kuwa ba ma jefa kaset a shara, kada a ce karatun Alƙur'ani ne ciki. Rubutun jikinsu ya fi ƙarfin yaƙi da jahilcina, sai na sa ɗaya a rediyon kicin.

'Yan uwa, wani kuka ya fito, tsiii, ƙirrr, kamar ana yanka ƙarfe. Ummu Faisal ta shigo a guje. Ta ciro kaset ɗin, ga hoton dodo mai jajayen idanu a jikinsa.

"Khala Rabi, esh haza, mene ne wannan? Sihiri kike mana a gida?"

Ku sabbin zuwa, ku sani: a nan in aka kai ƙarar mai aiki kan sihiri, ba kora ba ce kawai. Hukuma ce ke zuwa ta ɗauke ta. 'Ya'yana na tuna. Na zauna a ƙasa.

"Wallahi Madam, daga ɗakin ajiyarku ya fito."

Ta ɗauki waya za ta kai ƙarata. Wayar na hannunta Abu Faisal ya dawo daga La'asar. Ya karɓi kaset ɗin, ya daɗe yana juya shi.

"Ajiye wayar nan, ya shaikha. Wasana ne. Babana, Allah ya jiƙansa, ya sayo mini da kwamfutar da ake jonawa da talabijin. A da a kaset ake sayar da wasa. Kukan nan ita take ji, sai dodon ya fito ka harbe shi."

Shi ya yi dariya. Ni ban iya ba. Ummu Faisal ta ce, "Ma'alesh," wato a yi haƙuri, ba ta dube ni ba.

A aikinmu, gaskiyarka ba ta isa sai da mai shaida. Washegari na kwaso sauran kaset ɗin, na jera su gaban Ummu Faisal, na tsaya sai da ta taɓa kowanne da hannunta kafin na ɗauki tsintsiya.