Gammon Baturiya

Duk wanda ya san Gazawa ya san tafiyar Baturiya mai man gyaɗa: daro a ka, wuya a miƙe, hannuwa suna lilo kamar ba ta ɗauki komai ba. Da wannan wuyan ta ciyar da 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, kuma ba ta ɓoye alfaharinta da shi.

Wata ranar kasuwar Cadawa ta shiga motar hayar Tahiru, direban da ta saba bi. Yana cikin gudu sai amalanke ya ɓullo, ya taka birki, motar ta faɗa kwazazzabo. Ba a ga jini a jikin Baturiya ba, amma washegari ta kasa juya kai. Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaura mata abin tallafe wuya, ya ce ita da kaya a ka har abada.

Yayanta Ilyasu ne ya matsa aka kai ƙarar masu asurans ɗin motar, wato kamfanin inshora. Ita dai burinta kaɗan ne, a ba ta diyyar da za ta sayi jaki da amalanke, sana'arta ta ci gaba.

Ranar zaman kotu ta rufe abin wuyan da babban hijabi, don ba ta son kallon tausayi. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da tsohuwar Tahiru, ta taso takanas daga ƙauye da ƙwaryar gero a ka, wai ta zo ba da haƙuri. Tsohuwar tana haki. Baturiya ba ta tsaya tunani ba. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ƙwaryar ta aza a kanta, suka ratsa tsakar kotun tare, wuya a miƙe kamar da.

Lauyan masu asurans yana zaune a inuwar dalbejiya, bai ko ƙifta ido ba. Abin da ya gani shi ya gaya wa alƙali, kuma shaidu sun fi goma. Aka kori ƙarar. Baturiya ta koma gida ta kwanta sati biyu, ko kokon ruwa ba ta iya ɗagawa.

Ilyasu ya yi ta faɗa har ya gaji, ya ce ta zubar da haƙƙinta a kan ƙwarya guda. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka.

"Yaya," ta ce, "sa'ar Innarmu ce fa. In bar ta da kaya ina tafe hannu sake?"

Yanzu a ƙofar gida take zama da kwalaben man gyaɗa, ciniki ya ragu sosai. Gammonta yana rataye a ƙusa cikin ɗaki. Geron kuwa ta daka shi ta dama fura, ta aika wa tsohuwar da rabi.