Kyaftin da Ciyawar Roba

Na san ni mutum ne mai ƙara wa zance gishiri. In na shigo gida na ce ruwan Manchester ya kai mini wuya, matata takan juya wajen yara ta ce, "Yayyafi ake yi." Ban musa ba. Amma akwai labari ɗaya da ban taɓa yi masa ƙari ba, labarin Kyaftin, kuma shi ne 'yata ta ƙi yarda da shi.

Kyaftin shi ne gwanin hoki, wasan ƙwallon sanda, na jiharmu lokacin ina sakandare a Zariya. Filinmu jar ƙasa ce da tsakuwa, ƙwallo na tahowa tana tsalle kamar ɗan akuyar da aka kwance. Shi kaɗai take jin maganarsa. Ba wanda ya ɗauke shi a bidiyo. Duk abin da ya rage na wasansa a bakina yake, ni kuwa bakina ba shi da daraja a kotun gidana.

'Yata shekararta goma sha shida, tana buga wa wata ƙungiya a Salford. A kan ciyawar roba suke wasa, wadda ake yi wa ban-ruwa kafin a fara. A garin da sama ba ta hutawa! Wata Asabar muna dawowa na tambaye ta ƙwallo nawa Kyaftin zai ci in aka sa shi a wasansu.

"Daddy, no offence, zero. Bench zai zauna."

Saura kaɗan in hau da mota kan titin tram, jirgin ƙasan cikin gari. Na ce bakwai zai ci kafin a tafi hutun rabin lokaci, sannan ya tsaya ya ɗaure wa gola takalmi. Ta sa abin jin waƙa a kunne.

Bayan wata biyu na ji Kyaftin ya zo Birmingham aikin ido, ya sauka gidan ɗansa a Handsworth. Na ce Allah ya kawo shaida. Na sa ta a mota da sandarta.

Mun same shi a falo, ya tsufa, ido ɗaya a rufe da auduga. Na durƙusa na gaishe shi, ita ma ta durƙusa.

"Wannan ce amaryar tawa? Me ya sa aka kawo mini ita da sanda? Tun yanzu?"

Na zayyana masa ƙarar. Ya ce a nuna masa wasan nasu. Ta kunna a waya, ya kawo ta dab da idonsa mai lafiya. Can ya ɗaga hannu.

"Satar gida! Alƙalin makaho ne kamar ni?"

"Baba, an soke offside tun kafin a haife ni."

"An soke? To wa ke tsare mutuncin 'yan baya?"

Ya ci gaba da kallo. Ya ga wata yarinya ta kwantar da sanda ƙasa ta tare ƙwallo, ya ga ana ta canjin 'yan wasa, ana shiga ana fita kamar tashar mota, ba mai tsayawa ya numfasa. Ya miƙa mata wayar.

"Yarinyar nan ta fi ka gaskiya. Ni na saba jiran ƙwallo ta yi tsalle. Wannan ba ta tsalle. Ina tsaye ina jira za su wuce ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin da aka ɗiga maka ne ke magana." Na yi tuƙin awa biyu na kawo shaida, shaida ya koma ɓangaren abokiyar shari'a. Na ce ban yarda ba, ko da shi da kansa ya sa hannu.

Ya yi dariya har sai da ya dafe audugar. Sannan ya ce a fitar masa da kujera bayan gida. Akwai wani lungu can inda ake ajiye kwandunan shara, daɓen tsohon bulo duk ya tashi sama da ƙasa. Ya zauna a kan kujerar roba cikin jallabiya da rigar sanyi biyu, ya karɓi sandarta, ya jijjiga.

"Wannan ai ludayi ne. Turo, amarya. Da ƙarfi, ba a ba ni ke don ki ji tausayina ba."

Ta turo. Ƙwallo ta bugi bulo ta kauce hagu, ta tarar da sanda tsaye tana jiranta. Ta sake. Ta ƙara ƙarfi har wani maƙwabci ya leƙo ta taga. Ban ƙirga ba, don in na faɗi adadi za a raba shi biyu, amma ɗaya ce kawai ta wuce, ita ma ƙafar kujera ta bi.

Sai suka yi musaya. Ta kwantar da sanda yadda aka koya mata, ƙwallo ta tsallake ta bugi kwandon shara. Ta biyu ma haka.

"Miƙe sandar tsaye, ki sassauta hannun ƙasa. Kada ki kalli ƙwallon, kalli inda za ta faɗi."

Sai da aka kira mu cin abinci sau uku kafin ta yarda ta ajiye sandar.

A hanyar komawa, har muka wuce rabin tafiya na kame bakina, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni.

"Daddy."

"Na'am."

"In an ba shi pre-season ya yi atisaye, kuma yana twenty-five… ƙwallo ɗaya. Maybe."

"Bakwai."

"Shi da kansa ya ce ba zai iya ba!"

"Shi bai taɓa ganin kansa yana wasa ba. Ni na gani."

Ta ce ɗaya, kuma kada in sake in je in ce wa Mama ta ce uku. Huɗu na gaya wa uwarta.